Harshen Rabuwar Masoya a Wasan Kwaikwayo: Nazarin Betrayal na Harold Pinter

1.0 Gabatarwa

Rabuwar masoya daɗaɗɗen jigo ne a wasan kwaikwayo, kuma galibi akan ajiye ta sai ƙarshen wasa, a cika ta da kuka da gori. Wannan maƙala za ta duba yadda Harold Pinter, marubucin Ingila da ya sami lambar yabo ta Nobel a 2005, ya kauce wa wannan al'ada a wasansa mai suna Betrayal, wato cin amana, wanda aka fara nunawa a Landan a 1978.

2.0 Zubi da Tsari

Wasan yana da fitowa tara. Emma matar Robert ce, Jerry kuwa babban amininsa ne. Emma da Jerry sun shekara bakwai suna soyayyar ɓoye. An buɗe wasan a 1977, bayan shekara biyu da rabuwarsu, daga nan labarin ya riƙa komawa baya har 1968, ranar da Jerry ya fara furta soyayyarsa. Da yake mai kallo ya riga ya san makomarsu, hankalinsa yakan tattara ne a kan kalamansu da abin da suke ɓoye wa juna.

3.0 Sarrafa Harshe

A fitowa ta ɗaya, tsofaffin masoyan sun haɗu a mashaya. Mafi yawan zancensu gaisuwa ce da tambayar lafiyar yara, kamar waɗanda ba su taɓa shaƙuwa ba. A nan Emma ta ce a daren jiya ta bayyana wa mijinta komai. Sai a fitowa ta biyu Jerry ya ji daga bakin Robert cewa shekara huɗu ke nan da saninsa. Ashe wanda ya ci amana shi ma an rufe shi.

Ainihin rabuwar tana fitowa ta uku, a 1975, cikin gidan da suka kama haya don ganawarsu. Babu zagi, babu ɗaga murya. Sun karkata ga batun yadda za a yi da kayan ɗaki, kuma makullin da Emma ta mayar shi ya tabbatar da yankewar alaƙa. Pinter ya bambanta ɗan dakatawa da dogon shiru a umarninsa ga 'yan wasa, kuma a waɗannan gurabe ne nauyin rabuwar yake bayyana.

4.0 Kammalawa

An ga cewa ma'anar zance ba ta tsaya ga kalmomin da aka furta ba. Gaisuwa da zancen kaya sun zama sutura ga abin da baki ya kasa faɗa. Saboda haka mai nazarin harshen wasan kwaikwayo ya kamata ya auna shiru da umarnin dandamali kamar yadda yake auna jimla.