Shin Ko Kun San? Jos, Daga Masaukin Sarauniya Zuwa Dandamalin Unguwa

Shin ko kun san cewa Sarauniyar Ingila, Elizabeth ta Biyu, ta taɓa kwana a Tudun Wadan Jos? A ziyarar da ta kawo Najeriya a farkon shekarar 1956, bayan an yi mata gagarumin hawan daba a Kaduna, an kawo ta Jos ita da mijinta don su ɗan huta, aka sauke su a gidan hutun Gwamnan Arewa na lokacin, Sir Bryan Sharwood-Smith, wanda ke Tudun Wada. Ranar Lahadi ta halarci sujada a cocin St. Piran. Turawa masu haƙar kuza ne suka raɗa wa cocin wannan suna, domin Piran shi ne waliyyin da mahaƙan kuza na yankin Cornwall a Ingila suke girmamawa. A yau unguwar da ke ɗauke da sunan Tudun Wada cike take da ma'aikata da 'yan kasuwa da direbobin keke, ga Sakatariyar Gwamnatin Tarayya a gefenta, ga tsohon otal ɗin Hill Station a kan titin da ake kira da sunanta.

Shin ko kun san cewa gandun namun daji na Jos, wanda ya yi iyaka da Tudun Wada da Dong, an kafa shi ne a 1972, zamanin Gwamna Joseph Gomwalk na tsohuwar Jihar Binuwai-Filato? Ranar Sallah da ranar Kirsimeti wurin yakan cika maƙil da iyalai, kuma makarantu da dama nan suke kai ɗalibansu yawon buɗe ido na ƙarshen zango.

Shin ko kun san cewa tun 1952 Jos ke da gidan adana kayan tarihi? Bernard Fagg ne ya kafa shi, Baturen da ya gane darajar gumakan yumɓun da masu haƙar kuza ke tonowa a yankin Nok. A 1963 hukumar UNESCO ta taimaka aka buɗe makarantar horar da ma'aikatan gidajen tarihi a harabar wurin, ana koyarwa da Turanci da Faransanci, ɗalibai na zuwa daga ƙasashen Afirka daban-daban. Ke nan akwai lokacin da mai kula da kayan tarihi daga wata ƙasa mai nisa sai ya zo Jos ya koyi yadda ake riƙon tsohuwar tukunya. A bayan gidan tarihin kuma akwai filin gine-ginen gargajiya da wani masanin gini ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, ya jagoranci aikinsa. A nan aka kwaikwayi wani sashe na ganuwar Kano da kuma tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu. Ginin ƙasa yana son yaɓe duk shekara, ruwan saman Jos kuwa ba ya wasa, don haka duk wanda ya damu da wannan wuri ya kamata ya riƙa tambayar yadda ake kula da shi. Ranar 18 ga Mayu ita ce ranar gidajen tarihi ta duniya, tun daga 1977, kuma rana ce mai kyau ta kai yara.

Shin ko kun san cewa ranar 27 ga Maris ita ce ranar wasan kwaikwayo ta duniya? Cibiyar wasan kwaikwayo ta ƙasa da ƙasa, wadda aka kafa a birnin Prague a 1948 da hannun UNESCO, ita ta ware ranar, aka fara bikinta a 1962. Kowace shekara ana zaɓar wani gwani ya rubuta saƙo a karanta a dandamali a faɗin duniya. Bafaranshen nan Jean Cocteau ne ya rubuta na farko.

Shin ko kun san cewa a Jos akwai ƙungiyar wasan dandamali mai zaman kanta da ta daɗe tana shirya bikin wasanni na shekara-shekara? Sunanta Jos Repertory Theatre, Patrick-Jude Oteh ne ya kafa ta a 1997, kuma a 2004 ta fara bikin wasan kwaikwayo na Jos. An sha yin bikin a harabar Alliance Française, cibiyar yaɗa harshe da al'adun Faransa, da tallafin Gidauniyar Ford da kuma ofishin jakadancin Amurka a lokuta daban-daban. Ana nuna wasannin marubutan Najeriya tare da na ƙasashen waje, ana kuma horar da matasa rubutu da fitowa da sarrafa fitila. Wannan aiki ya cancanci yabo, musamman da yake an ci gaba da shi a shekarun da mutane ke tsoron fita da dare. Abin da ke damuna shi ne yawancin wasannin da Turanci ake yi, alhali harshen da mai sayar da dankali da fasto da ɗan acaɓa suke haɗuwa a kai a Jos shi ne Hausa.

Shin ko kun san cewa hedkwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya a Jos take? An kafa ta a 1979, kuma a ƙarƙashinta akwai makarantar koyon aikin fim da ma'ajiyar tsofaffin fina-finai ta ƙasa, duk a Jos. Hukumar ce ta mayar da littafin Umaru Ɗanjuma Katsina, Kulɓa Na Ɓarna, zuwa fim a farkon shekarun 1990, Brendan Shehu ya ba da umarni. Kwalejin talabijin ta NTA ma a Jos take, a Rayfield. Kafin duk wannan, gidan talabijin na Jihar Binuwai-Filato shi ne ya fara watsa hoto mai launi a Najeriya, a tsakiyar shekarun 1970. Idan aka haɗa da sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Jos, wadda ta fara a matsayin reshen Jami'ar Ibadan a 1971 ta tsaya da ƙafarta a 1975, za a ga dalilin da ya sa masu riƙe kyamara da masu tace hoto da yawa a Kano da Legas da Abuja suke cewa a Jos suka koyo.

Shin ko kun san cewa shirin nan na Cock Crow at Dawn, da ya hana mutane barci da wuri a farkon shekarun 1980, a Jos da kewayenta aka ɗauke shi? Bankin UBA ne ya ɗauki nauyinsa domin a jawo hankalin jama'a su koma gona. Bongos Ikwue ya rera waƙar buɗe shirin, marigayi Sadiq Daba kuma ya fito a matsayin Bitrus, sunan da ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. A ɓangaren Hausa kuwa, Jos ce ta ba mu Karkuzu na Bodara, wato Malam Abdullahi Shu'aibu, wanda ya shekara da shekaru yana sa gidaje dariya ta akwatin talabijin. Tsufa ya same shi cikin rashi da ciwon ido, har sai da ɗan ƙwallon nan Ahmed Musa, shi ma ɗan Jos, ya kawo masa ɗauki. Abin kunya ne a ce mutumin da ya yi wa jama'a hidima irin wannan sai an yi shela kafin a tuna da shi.

Shin ko kun san cewa Ɗan Maraya Jos, Alhaji Adamu Wayya, shi kaɗai ƙungiyar wasa ne? Da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya yakan zama miji ya zama mata, ya zama uwar miji, ya sauya murya ya kawo amsa, mai sauraro yana ganin rigimar gidan a idonsa. Ya rasu a watan Yunin 2015.

Yanzu mu sauko unguwa, inda ba tikiti ba ɗan jarida.

Shin ko kun san cewa dandamalin da ya fi kowanne yawan 'yan wasa a Jos shi ne na coci da na Islamiyya? Hedkwatar manyan ikilisiyoyi biyu, ECWA da COCIN, duk a Jos suke, kuma da wuya ka sami reshen da ba shi da ƙungiyar matasa masu wasan kwaikwayo. Ku leƙa wata coci a Tudun Wada da yammacin wata rana a cikin Disamba, lokacin da sanyin hunturu ke sa kowa ya dunƙule cikin suwaita. An ture bencina gefe. An ɗaura igiya daga taga zuwa taga, an rataya zannuwan atamfa biyu na matan Zumunta, shi ne labule. Wani saurayi ya liƙa gemun auduga da sitaci zai fito a Sarki Hirudus, rawaninsa na kwali, yana ta maimaita maganarsa yana leƙa takarda. Yarinyar da za ta fito a Maryamu tana rungume da 'yar tsana a cikin tawul. Idan wuta ta ɗauke, sai a haska da fitilar waya a ci gaba. A cikinsu akwai Berom da Ngas da Mwaghavul da Tarok da Afizere, kowa da harshen gidansu, amma da Hausa ake wasan, da ita mai koyarwa ke tsawatawa, da ita 'yan kallo za su yi shewa ranar biki. Babu mai biyansu ko sisi. Kuɗin hayar lasifika da man janareto ma karo-karo suke yi.

A unguwannin Musulmi irin su Gangare da Unguwar Rogo da Rikkos, ranar saukar karatu ko Mauludi ita ce ranar fitowar yara. Ana kafa rumfa a jera kujerun roba, ɗalibai su yi muhawara da Larabci, sannan a kawo ɗan gajeren wasa kan ɗan da ya ƙi jin maganar iyaye ko ɗan kasuwa mai tauye mudu. Ga kuma tashe, wanda ake farawa idan azumi ya kai kwana goma: Jatau Mai Magani da kayan ƙulle-ƙullensa, Macukule, Tsoho da Gemu da sandarsa yana tafiya a duƙe. Yaro ɗan shekara tara da ya iya sa magidanci dariya har ya ciro kuɗi daga aljihu ya riga ya san abin da ake kira riƙe 'yan kallo. Tagwayen mawaƙan nan na P-Square ma a makarantar sakandare ta St. Murumba da ke Jos suka fara fitowa gaban jama'a, a ƙungiyar kiɗa da wasa ta ɗalibai.

Shin ko kun san cewa jami'a ma ta taɓa zuwa ƙauye ta koyi darasi a wajen irin waɗannan 'yan wasa? Daga ƙarshen shekarun 1970 malamai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, irin su Michael Etherton da Brian Crow da Salihu Bappa da Oga Steve Abah, suka riƙa fita Samaru da Soba da Maska da Bomo, su zauna da manoma su ji damuwarsu, a haɗa wasa da Hausa kan taki ko filin noma ko rashin lafiya, a yi shi a dandalin gari, a kuma tsaya a tattauna. Wannan salo ne ƙungiyoyin agaji suka ɗauka daga baya, har ya iso Jos bayan rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010, lokacin da unguwanni suka rabu ta fuskar addini, mutum ya shekara bai taka layin da ya girma a ciki ba.

Shin ko kun san cewa daga birnin Geneva na ƙasar Suwizalan aka zo aka shirya ɗaya daga cikin manyan zaman sulhun Jos? Cibiyar Centre for Humanitarian Dialogue ce ta tara wakilan Afizere da Anaguta da Berom da Fulani da Hausawa, tare da sauran al'ummomin da ke zaune a garin, daga 2013 har zuwa ƙarshen 2014, inda suka sa hannu a kan takardar alkawarin zaman lafiya. A 2016 gwamnatin Simon Lalong ta kafa hukumar gina zaman lafiya ta jiha. Irin wannan zama yana da amfani, kuma waɗanda suka jure shi sun yi ƙoƙari. Sai dai kowa a Jos ya san wani nau'in taron bita da ake yi a ɗakin otal, a raba jaka da biro da alawus, a ɗauki hoto, a watse, wa'adin tallafi na ƙarewa shirin ya mutu. Da ana ware ko da kaɗan daga kuɗin irin waɗannan tarurruka a bai wa ƙungiyar matasan coci ta Tudun Wada da ta Islamiyyar Gangare su haɗa wasa guda, su nuna shi a nan su nuna shi a can, da an ga aiki, domin su dama ba su taɓa jiran tallafi kafin su hau dandamali ba.

Shin ko kun san cewa bikin Nzem Berom, wanda ke tara dubban mutane a Jos a gaban Gbong Gwom, babban sarkin Berom, a 1981 aka fara shi a wannan tsari, aka haɗe bukukuwan noma da farauta na garuruwan Berom wuri guda? Afizere suna da Igoon Izere da rawar Asharuwa mai sarewa, Ngas suna da Pusdung a Pankshin, Mwaghavul suna da Puus Kaat a Mangu, Tarok suna da Ilum Otarok a Langtang. Ƙungiyoyin ci gaban ƙabilu ne ke ɗaukar nauyin mafi yawansu, kuma 'yan rawar da za ku gani a fili, da yawa a unguwannin Jos suke zaune, a filin makarantar firamare suke gwaji bayan an tashi daga aiki. Su ne kuma aka nema a watan Nuwamban 2020, lokacin da Jos ta karɓi baƙuncin bikin al'adu na ƙasa, NAFEST, jihohi suka zo da tawagoginsu ana tsaka da dokar sa takunkumi saboda annobar korona.