Ciwon Suga Iri-Iri Ne, Maganinsa Ma Haka

Wani kuskure da ke cutar da masu ciwon suga a masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai shi ne ɗaukar ciwon a matsayin abu guda, har ma'aikaci ya ari ƙwayar abokin aikinsa don ya ga tana yi masa. Iri na farko yakan kama yara da matasa, jiki ya daina samar da sinadarin insulin gaba ɗaya. Mai shi ba shi da mafita sai allura kullum, kuma kafin a gano insulin a Toronto a 1921, wanda ya kamu ba ya daɗewa a duniya. Iri na biyu, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba, jiki na samar da sinadarin amma ba ya jin sa yadda ya kamata; nan ne gyaran abinci, motsa jiki da ƙwayar metfomin ke aiki, wani lokaci a ƙara da allura. Na uku na masu juna biyu ne, yakan lafa bayan haihuwa, amma yana iya dawowa daga baya a matsayin iri na biyu.

Za a ce asibiti tsada, ga layi, ga ranar aiki da za a yanke wa lebura, alhali mai lasifika a bakin ƙofar masana'anta yana sayar da garin magani da araha. Maganar tsada gaskiya ce. Sai dai garin nan ba ya maye gurbin insulin, kuma matashin da ya ajiye allura saboda shi zai iya faɗawa dogon suma cikin 'yan kwanaki. Digon jini ɗaya daga yatsa, da safe kafin a karya, shi ke nuna hanya: idan awon suga ya kai 126 a gwaji biyu, sai a nufi Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano likita ya tantance irin.

Aikin dare ma yana da nasa tarkon. Wanda ya yi allura bai ci abinci ba, sugansa na iya sauka ƙasa da 70, ya kama rawar jiki da gumi da jiri, ga shi tsaye gaban inji. Irin wannan, lemon kwalba ko ƙwayoyin suga ake ba shi nan take, idan yana iya haɗiya. Shi ya sa ɓoye ciwon ga shugaban aiki ganganci ne. Zafin Kano na watan Afrilu kuwa yana lalata insulin, don haka inda babu firji a sa kwalbar a leda a ajiye a jikin randa mai sanyi. Masu aikin jima a Challawa, da ke wuni cikin takalmin roba da danshi, su duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowane dare, domin ciwon yakan kashe jin zafi, ƙaramin rauni ya ruɓe mai shi bai sani ba.