2.2 Ma'anar Kalmar Sitiroma

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin bayyana ma'anar kalmar sitiroma, domin a kanta ne sauran bayanan wannan babi za su dogara. Kalmar ta samo asali daga harshen Girka, inda take nufin shimfiɗa, wato abin da ake bazawa a kwanta a kai. Masana ilmin halittu sun aro ta ne don su ambaci sashen gaɓa wanda ba shi ke gudanar da ainihin aikin gaɓar ba, amma shi ke riƙe da ƙwayoyin halittar da ke yin aikin, yana kuma kai musu abinci.

Bisa ga wannan, ana kasa gaɓa gida biyu. Kashi na farko shi ne farankaima, wato ƙwayoyin da ke yin aiki. Kashi na biyu kuwa shi ne sitiroma. Idan aka ɗauki hanta a matsayin misali, ƙwayoyin da ke tace jini, su adana sukari, su samar da ruwan matsarmama, su ne farankaima. Zaruruwan kolajin da hanyoyin jini da jijiyoyi da tantanin da ya lulluɓe hantar, su ne sitiroma. Abin ya yi kama da soso: idan ya bushe aka ɓare shi, tsokarsa ta tafi, sai saƙar zaren da ta riƙe ta ta rage.

Kada a ɗauka cewa wannan sashe ba shi da muhimmanci. Garai-garan fatar da ke gaban baƙin ido, kusan kashi 90 cikin 100 na kaurinta sitiroma ne, kuma idan jerin zaruruwansa ya hargitse sai gani ya dushe. Haka nan ciwon hanta nau'in B, ko yawan shan giya, ko tsargiyar hanji, kan sa zaruruwan hanta su yi yawa har su zama tabo, hantar ta ƙandare. Tun a shekarar 1889 wani likitan fiɗa na Ingila, Stephen Paget, ya kwatanta yaɗuwar ciwon daji da iri da ƙasa, yana nufin ƙwayar cutar ba ta tsira sai inda ta sami wurin da ya karɓe ta. A yau an tabbatar cewa sitiroma na cikin wannan ƙasa.

A ɓangaren tsirrai ma ana amfani da kalmar, sai dai a can tana nufin ruwa mai kauri da ke cikin koren ƙunshin ƙwayar ganye, inda ake sarrafa iskar kabon ta zama sukari. Wannan ma'ana ba ita ake nufi a nan ba.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa fassara kalmar da shimfiɗa zai ɓatar da ɗalibi, domin sitiroma ba a ƙarƙashin gaɓa kawai yake ba, ya ratsa ta ko'ina. Tantani da jijiya kuwa, kamar yadda mahauta ke kiran su, kowannensu yanki ne kawai na abin. Saboda haka a wannan aiki za a riƙa kiran sa matallafin gaɓa.