Ambulan Ta Iso, Ciki Wayam: Bin Sawun Bayanan Da Ke Ɓacewa A Intanet

Akwai wata matsala da takan addabi masu kula da manhajojin intanet a jami'o'i da ma'aikatun gwamnati. Ɗalibi ko ma'aikaci zai cike fom, ya sa sunansa da lambarsa, ya aika, amma da saƙon ya isa ga kwamfutar da ke karɓa, wato saba, sai a tarar da gurabun wayam. In manhajar ta adana wannan fanko ba tare da ƙorafi ba, sai ranar jarrabawa ko ranar biyan albashi a nemi sunan mutum a rasa.

Ƙa'idar aika irin wannan saƙo ita ce HTTP, wadda Tim Berners-Lee ya soma tsarawa a cibiyar CERN a 1989. A yadda take yanzu, saƙo ya yi kama da wasiƙa: akwai adireshi, akwai bayanan da ke bayan ambulan, sannan akwai takardar ciki. Saboda haka mai bincike ba ya fara taɓa manhaja sai ya buɗe saƙon kansa, ta kayan binciken da ke cikin burauza ko ta curl, ya tabbatar ko bayanan sun bar hannun mai aikawa.

In ba su fita ba, laifin yana ga fom. Burauza ba ta aika gurbin da ba a laƙaba wa suna ba, haka nan ba ta aika gurbin da aka kashe, ko da ana ganin rubutu a cikinsa.

In sun fita amma ba su isa ba, sai a duba hanya. Alal misali, idan saba ta karkatar da saƙon POST zuwa wani adireshi da lamba 301 ko 302, burauza takan mai da shi GET, takardar ciki kuwa ta salwanta. Lambobin 307 da 308 su ne ke kiyaye saƙo yadda yake.

In kuwa sun isa, to mai karatu ne ya kasa. Layin Content-Type shi ke faɗin tsarin da aka rubuta takardar ciki da shi. Harshen PHP ba ya zuba bayanan JSON cikin $_POST. Dole a karanto su daban. Bugu da ƙari, yakan bar $_POST fanko idan saƙo ya zarce iyakar girman da aka sa masa. Ko bambancin babban baƙi da ƙarami a sunan gurbi ya isa ya ɓatar da bayani.

Abin lura a ƙarshe shi ne, rigakafi ya fi magani. Wajibi ne manhaja ta ƙi karɓar saƙon da muhimmin gurbinsa ba komai, ta mayar da lamba 400 tare da sunan gurbin, ta kuma rubuta abin da ya faru a kundinta. Magatakardan kirki ba ya sa takarda marar suna a fayil. Yakan mai da ita ga mai ita nan take.