Yadda Ake Furta Haruffan Sifaniyanci

Sifaniyanci harshen uwa ne ga mutane wajen miliyan 500 a Sifen da Latin Amurka, kuma harshen hukuma ne a Ikwatoriyal Gini. Haruffansa 27 ne, tun da Hukumar Harshen Sifaniyanci da aka kafa a 1713 ta daina ƙirga ch da ll cikin jerin haruffa a 2010. Kuskuren da ɗalibi yakan yi shi ne karanta su da ƙa'idar Ingilishi, alhali karatun boko da na allo sun fi kusantar da shi ga furuci na daidai.

Wasulansa biyar ne kamar na Hausa, wato a, e, i, o, u, kuma furucin kowanne ba ya sauyawa. Saboda haka idan aka rubuta wa mutumin Madrid sunayen Daura da Baure da Kusugu, zai karanta su kusan yadda Badauri ke faɗi. Sai dai ba a bambanta dogon wasali da gajere. Abin da ke raba ma'ana shi ne gaɓar da aka ƙarfafa: papa dankali ne, papá kuwa baba, ɗan karan da ke kan wasalin shi ke nuna gurbin ƙarfin.

Wahalar tana ga baƙaƙen da suka yi kama da na Hausa a ido, amma suka saɓa a kunne. Harafin h ba a furta shi, don haka kalmar Hausa za ta koma Ausa. Harafin j kuwa daidai yake da خ na Larabci, wanda duk ɗan makarantar allo ya sani. Ke nan Bayajidda zai fito Bayakhidda. Haka g yake idan e ko i ya biyo shi. Harafin z a yawancin Sifen kamar ث yake, a Latin Amurka kuma s, wato Zango ta zama Sango. Wannan ƙa'ida ta shafi c mai zuwa kafin e ko i, amma kafin a, o, u, k ake furtawa. Sautin c na Hausa, irin na ciki, da ch ake rubuta shi. Haka nan b da v sautinsu ɗaya, ll kuma yawancin masu harshen kamar y suke faɗinsa.

Akwai wurare biyu da Bahaushe ya fi Baturen Ingila sa'a. Na farko ñ, wanda sautinsa ya yi kusa da ny na hanya, kamar a España. Na biyu r. Hausa tana da ra-kaɗe da ra-gare, masu raba bara mai yi wa sarki hidima da barar almajiri, ko da yake rubutu bai nuna ba. Sifaniyanci shi ma r biyu gare shi, sai dai yana nuna su a tsakiyar kalma: pero na nufin amma, perro kuwa, da ake gara harshe, kare.

Inda ya kamata malami ya tsaya sosai shi ne p da f, domin Hausa ba ta raba su. Puente gada ce, fuente kuwa maɓuɓɓugar ruwa. Wajen furta p ana haɗa leɓɓa gam sannan a saki iska, wajen f kuma haƙoran sama ke taɓa leɓen ƙasa. Hanya mai sauƙi ita ce a rubuta irin waɗannan tagwayen kalmomi a allo, ɗalibi guda ya karanta, sauran su nuna wadda suka ji, har kunne ya saba kafin a matsa gaba.