Amsar Tambaya: Wa Ke Buɗe Ƙofar Filin Jirgi?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani Alhaji mai sayar da hatsi. Ya ce a filin jirgin Jidda ya ga ƙofa ta buɗe da kanta, babu wanda ya taɓa ta. Da ya dawo gida ya ba da labari, sai wasu suka ƙaryata shi, wasu kuma suka ce aikin aljanu ne.

To Alhaji, ba ka yi ƙarya ba, kuma babu aljani ko ɗaya. Binciken masana ne.

A shekarar 1962, wani Baturen Ingila mai suna J. B. Gunn, yana aiki a kamfanin IBM a Amurka, ya saka wa wani ɗan ƙanƙanen dutse wutar lantarki. Sunan dutsen galiyam asanaid. Da ƙarfin wutar ya haura kimanin bolt 3,000 a kowace santimita, sai ya ga wutar ta daina gudana salin-alin, ta shiga bugawa kamar zuciya.

Me ya jawo haka? Ka tuna garken tumaki a kan burtali. In na gaba suka rage sauri, na baya sai su cunkushe a kansu. Haka ƙwayoyin lantarki ke yi a cikin dutsen nan: in wuta ta yi yawa, sai saurinsu ya ragu, su dunƙule, dunƙulen ya fice, wani ya sake haɗuwa. Da yake dutsen bai kai kaurin gashi ba, hakan na faruwa wajen sau biliyan 10 a daƙiƙa guda. Masana kan gwada shi kusa da maganaɗisu ma, domin maganaɗisu yakan karkatar da hanyar ƙwayoyin.

Bugun nan shi ke haifar da igiyar rediyo. Na'urar da ke saman ƙofa ta watsa igiyar, ta bugi jikinka ta koma. In kana matsowa, sai amonta ya sauya, kamar yadda ƙarar hon ɗin babbar mota ke sauyawa in ta tunkaro ka. Na'ura na jin haka, sai ta umarci inji ya ja ƙofa. Da wannan dabara ake auna gudun mota a kan titi. Wasu ƙofofin na yanzu kuwa da hasken da ido ba ya gani suke aiki.

Saboda haka Alhaji, kai wa abokan gardamarka wannan shafi. Allah Ya ƙara mana sani, amin.