"Ni Na Fi Kowa Iyawa": Cutar Da Ke Rusa Aikin Gayya

A zangon da ya wuce, malaminmu na kwamfuta ya raba mu biyar-biyar, ya ce kowane rukuni ya haɗa ɗan wasan lissafi da Scratch. Kwamfuta ɗaya ce ga rukuni, wuta kuma ba kullum ake samu ba. A cikinmu akwai wanda ya fi mu saurin hannu, in ya hau kujera ba ya sauka. Kana nuna masa kuskure sai ya ce, "Kai me ka sani?" Har ɗaya daga cikinmu ta yi fushi ta daina zuwa. Ranar nuna aiki, wasan ya tsaya cak a tambaya ta uku, daidai inda ta nuna masa ya ƙi ji. Dukanmu muka rasa maki, ba shi kaɗai ba.

Da muka bincika, sai muka ga ashe manyan injiniyoyi ma suna fama da wannan. Babbar manhaja irin WhatsApp ba mutum ɗaya ke haɗa ta ba. Wani yana kan sashen saƙo, wani na hoto, wani na tsaro, sannan a ɗinke su wuri ɗaya. In mutum guda ya ƙi karɓar gyara, kuskurensa zai bi aikin har wayar jama'a. Shi ya sa suke da al'adar duba aikin juna: kafin rubutun wani ya shiga manhaja, sai abokin aikinsa ya karanta. Tun 1971 wani masani Ba'amurke, Gerald Weinberg, ya yi bayani cewa mai haɗa manhaja ya raba kansa da aikinsa. In an ce aikinka da gyara, ba kai aka zaga ba.

Gwani ma yakan yi laifi. Linus Torvalds shi ya fara Linux a 1991, wanda wayoyin Android suka dogara da shi. An san shi da kaushin baki ga masu taya shi aiki. A watan Satumba na 2018 ya fito ya nemi afuwa, ya ɗan janye daga aikin don ya gyara halinsa, sannan ya dawo.

Amma misalin da ya fi burge mu yana nan gida. Bayan rasuwar Shehu Usmanu a 1817, an naɗa ɗansa Muhammadu Bello Sarkin Musulmi, aka sami saɓani tsakaninsa da baffansa Malam Abdullahin Gwandu. Da yaƙin Kalambaina ya tsananta, Bello ya kawo wa baffansa ɗauki. Masana tarihi sun ruwaito cewa da suka haɗu, Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, shi kuwa Malam Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi gaisuwar shugaba. Kowa ya riga ɗan uwansa sauke kai, saɓani ya ƙare.

To, me za mu yi in mun haɗu da mai girman kai a rukuni? Na farko, a raba aiki tun ranar farko, kowa ya san nasa. Na biyu, a soki aikin, kada a soki mutum. Maimakon "ba ka iya ba", a ce "zo mu gwada nan mu gani". Kwamfuta ba ta son kai, ita za ta raba gardama. Na uku, a yi masa magana a keɓe, ba gaban aji ba. In ya ƙi, a kai wa malam, ba a koma gefe ana gulma ba. Na huɗu, mu duba kanmu, don wataƙila mu ne masu laifin.

Yayyenmu da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, su ma a rukuni ake ba su aiki. Gara mu koya tun yanzu, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu dai a wannan zangon, minti goma-goma muke yi a kan kujera. Abokinmu ya ba ƴar uwarmu haƙuri, ta dawo, kuma ita ce ta gyara tambaya ta uku.

Daga ƴan aji biyu, Ƙungiyar Ƴan Jarida